KWAFI ƊAYA BA AJIYA BA CE

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar ga 'yan uwa matasa masu aiki da kwamfuta a kan kare abin da suke ajiyewa a cikinta. 

Ya kamata 'yan uwa su sani cewa rumbun ajiyar kwamfuta ba abin dogaro ba ne, domin ko ba daɗe ko ba jima sai ya mutu. A cikin tsohon nau'insa akwai faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin silin gashi ba. Faɗuwa ɗaya ana cikin aiki ta isa allurar ta karce faifan. Sabon nau'in da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa, amma shi ma yakan mutu ba sallama.

Kada ɗan uwa ya ɗauka ƙananan mutane kawai abin ke samu. A shekarar 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, an ba kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure, sai mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2 ya salwanta. Da suka koma ga kwafin da suke taƙama da shi, sai suka tarar ashe ba ya aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da wata ma'aikaciya mai jego ta ajiye a kwamfutar gidanta. To, ina ga ɗalibin da rubutunsa na kammala karatu ke cikin kwamfuta ɗaya tak, ko mai shagon buga takardu da ke riƙe da amanar jama'a?

Ƙa'idar da masana suka fitar ita ce 3-2-1. Wato kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuwa a wani wuri dabam, ko a intanet ko a gidan wani amintacce. Filas ɗin da ke jaka ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ne zai tafi da su. Wanda kuma aka bari a jone kullum, cutar da ta kama kwamfutar ba za ta ƙyale shi ba.

Sannan lokaci-lokaci a riƙa buɗe kwafin ana dubawa, don abin da ya sami Pixar ya ishe mu darasi. In kuwa rumbu ya fara ƙarar ƙwas-ƙwas, a kashe kwamfutar nan take a kai wa masu gyara, domin ci gaba da kunna ta ƙara ɓarna yake yi.

Rigakafi dai ya fi magani. Kada ɗan uwa ya kwanta yau bai kwafe abin da ba zai jure rasawa ba.