A Auna Iska Kafin A Kafa Inji

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Tambuwal da Kebbe



Maganar da muka zo da ita yau ta iska ce, watau yadda za a auna ta a ƙasar Fakku da kewayenta kafin a ce za a samu wutar lantarki daga gare ta. Kowa ya san halin da ƙauyukanmu suke ciki game da wuta: injin niƙa da na ban ruwa duk sai da mai, asibitin karkara kuwa sau da yawa da tocila ake karɓar haihuwa. Saboda haka in an ce ga wuta a cikin iska, ba abin mamaki ba ne kowa ya miƙe. Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, ƙarfin da inji yake samu ba daidai yake tafiya da saurin iska ba. In saurin ya ninka sau 2, ƙarfin sau 8 yake ninkawa. Ke nan wanda ya yi kuskuren kashi 10 cikin 100 wajen awo, ya yi kuskuren kusan sulusi a lissafin wutar da za a samu. Wannan sulusin kuwa shi ne tsakanin aikin da zai biya kansa da wanda zai zama kufai.

To, me zai hana mu ɗauki awon da ake yi a filin jirgin saman Sakkwato mu huta? Dalili biyu ne. Ma'aikatan yanayi a tsawon mita 10 suke awo, alhali farfelar inji tana can sama ƙwarai, inda iska ta fi sauri. Na biyu, filin jirgi shimfiɗaɗɗe ne, ƙasar da ke da tudu da kwari da itatuwa kuwa kowane lungu da tasa iskar. Idan iska ta hau tudu mai sauƙin gangare, matsewa take yi ta ƙara gudu a ƙolinsa. An tabbatar da wannan a 1982 da 1983 a kan tudun Askervein na ƙasar Sukotlan, inda aka jera ma'aunai aka ga saurin iska a ƙoli ya kusa ninka na fili. Amma a bayan tudu, ko inda dutse ya yanke tsaye, iska birkicewa take yi tana juyi, ta girgiza farfela ta cinye ƙarfenta tun kwanansa bai kai ba. Ko hanyar lissafi ta kwamfuta mai suna WAsP, wadda aka fitar a Danmak a 1987, an san takan kauce a wurare masu tsananin gangare.

Ga yadda ake awon. Akan kafa doguwar hasumiyar ƙarfe, a ɗaura mata ma'aunai masu kofuna 3 a tsawo daban-daban, tare da kibiya mai nuna inda iska ta fito. Na'ura tana rubuta matsakaicin sauri kowane minti 10, dare da rana, har shekara guda a ƙalla. Dole shekarar ta cika, domin iskarmu ba ɗaya ba ce. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da ƙurar da ke toshe ma'auni in ba a share shi. Da damina takan juyo daga kudu maso yamma, hadari kuwa daga gabas yake tasowa da ƙarfin da ke kwashe jinka. Wanda ya yi awo a watan Janairu kaɗai ya tafi, rabin labari ya ji.

Jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada, kuma awon da kamfanin Lahmeyer na Jamus ya yi wa Gwamnatin Tarayya ya sa Sakkwato cikin wuraren da suka fi iska a Nijeriya. Sai dai aikin Lambar Rimi a Jihar Katsina, mai injuna 37 da megawat 10, ya koya mana wani darasi. Ya ci fiye da shekara 10 ana yi, kuma a Disamba 2012 aka sace injiniya Bafaranshe, Francis Collomp, a Rimi. Lalle iska kaɗai ba ta isa ba, sai da tsaro, da hanya, da masu gyara.

Mene ne namu a ciki? Kafin hasumiya ta zo, akwai ilmin da ke hannun mutanen gari. Mata masu shiƙa sun san inda iska take tsayawa da lokacin da take tashi. Magina sun san dalilin da ya sa bangon gabas ya fi zaizayewa. Makiyaya sun san tudun da ba ya rabuwa da iska. Mu tattara wannan a lokacin hutu, mu zana taswira, domin masu awo su san inda za su fara. Ku kuma ma'aikata, in takardar kwangilar injin iska ta zo teburinku, ku tambaya: ina awon shekara guda, a wane tsawo aka yi shi, kuma a wane wuri?

In awo ya nuna iskar Fakku ta isa, madalla. In ya nuna ba ta isa babban inji ba, sai a koma ga ƙaramin famfon ruwa ko hasken rana, an tsirar da dukiyar talakawa ke nan.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.