Tsakanin Zumunci da Amanar Alli

Jawabin da aka gabatar a babban taron reshe, gabanin fara jarrabawar kammala sakandare



Nan da 'yan makonni ɗalibanmu za su zauna jarrabawar WAEC, bayanta kuma ta NECO. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san abin da ke biyo bayan fitowar jadawali. Wayarmu takan fara ƙara tun da asuba. Kawun da muka kwana biyu ba mu ji ɗuriyarsa ba yakan biyo da yamma a gaisa. Bayan an ci abinci an sha ruwa, sai a gyara zama a ce, "Malam, ga ɗanka nan zai zauna jarrabawa a makarantarku, sai ka san abin da za ka yi." Wannan magana ce muke so mu tattauna a kanta yau, domin takan hana da yawa daga cikinmu barci, kuma ba safai muke faɗinta a bainar jama'a ba.

Mu ɗauki misalin da kowannenmu zai gane. Malami ne, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami. Yayansa ya sayar da amfanin gona shekara da shekaru, ya biya masa kuɗin makaranta har ya gama kwalejin ilimi. Yau ɗan wannan yaya yana ajin ƙarshe, lissafi ya gagare shi, kuma ba tare da kiredit a lissafi ba babu shiga makarantar koyon jinya da yake buri. An sa malamin nan sa ido a ɗakin jarrabawa. Yaya bai nemi kuɗi ba, bai nemi gona ba. Abin da ya roƙa shi ne a kau da kai na minti goma. Wanda ya ce wannan lamari mai sauƙi ne, bai taɓa cin abinci daga hannun ɗan uwa ba.

Akwai wani ma'auni da masana falsafa na Ingila suka shahara da shi, wanda za mu kira ma'aunin amfanin jama'a. Jeremi Bentam, wanda ya rayu daga 1748 zuwa 1832, shi ya shimfiɗa shi a littafinsa na 1789 kan tushen ɗabi'a da kafa doka. Jon Situwat Mil ya faɗaɗa shi a wani ɗan littafi da ya fito a 1863. Gundarin koyarwarsu shi ne a duba sakamakon aiki: aikin da ya fi jawo jin daɗi da rage wahala ga dukan waɗanda abin ya shafa, shi ne daidai. Sharaɗinsu mai nauyi shi ne, a wajen lissafin, kowane mutum ɗaya ne. Hawayen ɗan yayanmu ba su fi na ɗan maƙwabci nauyi ba.

Wani marubucin zamaninsu, Wiliyam Godwin, ya kai wannan sharaɗi maƙura a 1793. Ya ce a ƙaddara gobara ta tashi a gidan Fenelon, babban limamin kirista kuma marubuci na Faransa, mutum ɗaya kaɗai za a iya ceta, ko shi ko 'yar aikin da ke masa hidima. A ganin Godwin, Fenelon za a ceta, domin rubutunsa zai amfani dubban mutane, ko da kuwa matar nan mahaifiyar mai ceton ce. Mutane suka yi masa ca, kuma bayan 'yan shekaru shi da kansa ya sassauta, ya amince cewa ƙaunar iyali tana da gurbinta. Mun kawo labarin ne don mu nuna cewa tun farko ma'aunin nan ya yi karo da zumunci, kuma masu shi sun san da haka.

To, mu ɗora misalinmu a kan sikeli, mu auna tsakani da Allah. A kallon farko, kau da kai ne ke rinjaye. Yaro ya ci jarrabawa, yaya ya yi murna, gida ya zauna lafiya, malami ya rama alheri, kuma ba a ga wanda ya yi kuka ba. Da yawa daga cikinmu a nan lissafin yake tsaya mana. Amma Bentam bai yarda a tsaya nan ba. Ya ce a tambayi ƙarfin daɗin, da tsawon lokacinsa, da tabbacinsa, da kusancinsa, da abin da zai haifar, da ko yana tafe da ɗaci a bayansa, da kuma yawan mutanen da zai shafa.

Mu fara da tabbaci. Hukumomin jarrabawa sukan riƙe sakamako, sukan soke shi, sukan kuma janye amincewarsu daga cibiya idan suka ga alamar haɗin baki. Idan haka ta faru, yaran da suka kwana suna karatu da fitilar waya su ma sun shiga ciki, alhali ba su ji ba ba su gani ba. Doka kuma ba ta yi wasa da lamarin ba. Bayan tambayoyin WAEC sun fita kafin lokaci a 1977, gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21. Dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗaurin shekara 4 ba tare da zaɓin tara ba ga shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido da aka samu da laifin. Malamin da ke ciyar da mutum goma, har da mahaifiyar yayan nan nasa, idan ya rasa aiki, wa ya amfana?

Sai abin da aikin zai haifar. Guraben makarantar jinya ƙididdigaggu ne. Idan yaronmu ya shiga da sakamakon da ba nasa ba, akwai wata yarinya a wani ƙauye da ta ci da guminta, wadda ba ta da kawu malami, ita ce za ta koma gida. Ba mu san sunanta ba, ba za ta taɓa zuwa ƙofar gidanmu ta yi mana kuka ba, shi ya sa muke mantawa da ita. Babban amfanin wannan ma'auni shi ne yana tilasta mana mu sa ta a lissafi. Bayan ita kuma akwai marar lafiyar da wata rana zai kwanta a gadon asibiti, a miƙa wa yaron nan sirinji da kwalbar magani, a ce ya lissafa adadin da za a ba jariri mai kilo uku. Lissafin da muka kau da kai a kansa, a ranar zai dawo.

Kada kuma mu manta da shi yaron. Darasin da zai ɗauka daga ɗakin jarrabawar ya fi duk wanda muka koya masa a kan allo zama a zuciya: cewa hanya tana buɗewa da sanayya. Sauran ɗalibai hamsin ko sittin da ke ɗakin su ma suna da idanu. Washegari idan muka tsaya a taron safe muna yi musu nasiha kan gaskiya, za su saurare mu cikin ladabi, amma sun riga sun san farashinmu.

Wani zai ce, to idan an tabbatar babu wanda zai sani fa? Sau ɗaya ne kawai, kuma yaron ba jinya zai karanta ba. Wannan tambaya ce mai ƙarfi, kuma masu sukar Bentam sun daɗe suna jifansa da ita. Amsar da Mil ya bayar ita ce, ɗan Adam ba ya fara lissafi daga farko a duk lokacin da zai yi aiki. Ya kwatanta da matuƙin jirgin ruwa, wanda yake fita teku da jadawalin taurari da aka riga aka lissafa masa. Ƙa'idoji irin su riƙon amana da faɗin gaskiya lissafi ne da al'ummomi suka gama tun da daɗewa, bayan sun ɗanɗana kuɗar saɓa musu. Mu ƙara da namu: mutumin da yayansa ke zaune a zaurensa yana jiran amsa, shi ne mafi rashin cancantar riƙe sikeli a wannan dare, domin zuciyarsa za ta danne gefe ɗaya. Kuma "sau ɗaya" ɗin nan ba namu ne mu kaɗai ba. Kowane malami a ƙasar nan yana da ɗan yaya. Idan kowa ya yi nasa sau ɗayan, takardar shaidar da muke sa wa hannu ta zama takardar ƙunshe ƙosai, har da wadda ke hannun 'ya'yanmu na cikinmu.

Sai dai kada a fahimce mu da cewa aiki ne ke rinjaye a kowane hali. Ma'aunin nan da kansa yana kare zumunci. Henri Sijwik na Jami'ar Kambirij ya nuna a littafinsa na 1874 cewa duniya ta fi samun alheri idan kowa ya ba na kusa da shi kulawa ta musamman, domin shi ya fi sanin buƙatunsu, shi ya fi iya kai musu ɗauki. Malamar da aka kira ana cewa ɗanta ya suma an wuce da shi asibiti, ta bar aji ta tafi, ta yi daidai. Darasin da aka rasa ranar Talata ana iya rama shi ranar Alhamis, amma rai ba a ramawa. Shugaban makarantar da zai ba ta takardar tuhuma a kan haka bai fahimci aiki ba, kuma ƙungiya za ta tsaya mata.

Saboda haka muna ba da shawarar tambayoyi biyu da kowa zai iya riƙewa. Ta farko: abin da ɗan uwa yake nema, nawa ne ko amana ce a hannuna? Lokacinmu na yamma namu ne, albashinmu namu ne, iliminmu namu ne, muna iya bayar da su yadda muka ga dama. Maki, da gurbin karatu, da takardar tambayoyi, da kuɗin makaranta, ajiya ce aka ba mu. Kyauta da kayan wani ba karamci ba ne. Ta biyu: asarar da za a yi, tana ramuwa ko ba ta ramuwa, kuma a kan wa za ta faɗa?

Ya kamata mu faɗi iyakar wannan ma'auni. Idan aka bi shi ido rufe, yana iya halatta a zalunci mutum ɗaya don daɗin mutum ɗari, mu kuwa ba mu yarda da haka ba. Malaman Musulunci, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun yi dogon bayani kan maslaha ƙarnuka kafin a haifi Bentam, kuma sun sa mata linzami: ba ta ƙetare nassi. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarci muminai da tsayawa kan adalci ko da a kan kansu ne ko iyaye ko dangi. Mun san kuma labarin matar nan ta ƙabilar Makhzum da ta yi sata, Usama ɗan Zaidu ya je neman a sassauta mata, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, ya kuma bayyana cewa hukuncin ba zai canza ba ko da 'yarsa ce. 'Yan uwanmu Kirista kuma sun san yadda littafin Karin Magana ya yi tir da ma'aunin algus. Ashe lissafin masana falsafa ya zo ne ya tarar da abin da muka taso a kansa. Abin da ya ƙara mana shi ne ya nuna mana fuskokin waɗanda za su cutu.

Mun san halin da ake ciki. Albashi yakan makara, ƙarin girma yakan tsaya a takarda, kuma sau da yawa ɗan uwan da ke roƙonmu shi ne ya ranta mana kuɗin haya. Wanda ake bi bashi bakinsa yakan yi nauyi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙungiyarmu, tun kafuwarta a 1931, take fafutukar haƙƙin malami: mutuncin aiki yana buƙatar abin da zai tsaya a kai. Amma kafin a biya mu haƙƙinmu, akwai abin da za mu iya yi wa kanmu.

Muna roƙon reshe ya amince da abubuwa uku. Na ɗaya, duk malamin da ke da ɗa ko ƙane ko ɗan ɗan uwa cikin masu jarrabawa ya sanar da shugaban makaranta a rubuce tun kafin a raba aiki, a cire shi daga wannan ɗaki, a ba wani takardun yaron ya duba. Na biyu, shugabannin makarantu su karɓi irin wannan sanarwa a matsayin shaidar kirki, kada ta zama dalilin zargi. Na uku, duk wanda aka matsa wa lamba, daga gida ko daga sama, ya kawo kukansa ga reshe, kada ya ɗauki nauyin shi kaɗai. Wannan tsari garkuwa ce. Malami zai iya duban yayansa ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ko ɗakin ba a barina in shiga. Amma ka turo mini shi kullum bayan la'asar. Daga yau har ranar jarrabawa ni da shi ne, kuma in Allah bai nufa bana ba, kuɗin rajistar baɗi yana wuyana." Yaya zai iya yin fushi na wata ɗaya ko na shekara. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, zumunci zai dawo, musamman idan aka bi shi da ƙafa.

A ƙarshe muna juyowa gare ku, iyalanmu, iyaye da yayye da matan aure da mazaje. Ku ne kuka yi mana ɗawainiya har muka riƙe alli, kuma ba mu manta ba. Ku nemi lokacinmu, ku nemi iliminmu, ku turo mana yara tun suna aji ɗaya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abu guda muke roƙo ku bar mana, shi ne amanar da 'ya'yan wasu suke zaune a ƙarƙashinta, kamar yadda naku suke zaune a ƙarƙashin amanar wasu malaman a wasu garuruwa.

Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya ba mu ikon riƙe abin da aka damƙa mana, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.