Ba Haƙori Ba Ne: Jawabi a Taron Ƙungiya

 

Ni ba likita ba ne, goro nake saidawa. Amma wata magana ta dame ni a Sabon nan. Yaro ya kama gudawa da zazzaɓi, sai ka ji an ce, "Ai haƙori ne, zai wuce." Wallahi ba haƙori ba ne. Wajen wata 6 yaro kan fidda biyun farko, na ƙasa, lokacin kuwa duk abin da ya tsinta sai baki. Ƙazantar nan ke kawo gudawar. Haƙori iyakarsa dalala, ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima.

Jikata, kwana uku muna cewa haƙori ne. Da ƙyar ƙarin ruwa ya ceto ta a asibiti, ikon Allah.

Kuma don Allah a daina rugawa kemis neman maganin haƙori. Kun tuna My Pikin, a 2008? Yara sama da 80 suka rasu, ƙoda ta lalace. Uwa, wanke hannunki ki murza masa dasashi da tsumma mai tsabta. In gudawa ta zo, ruwan gishiri da sukari, sannan asibiti.