Jawabin Ƙaddamar da Littafi kan Matsalolin Sharaɗin Iyaka



Littafin da ake ƙaddamarwa yau tambaya guda ya tasa a gaba: in aka gindaya wa ikweshan mai bayyana sauyin abu sharuɗɗa a wuri biyu, farkon tazara da ƙarshenta, shin dole ne a sami amsa?

In sharuɗɗan duk a mafari suke, an daɗe da kashe magana. Peano ya nuna akwai amsa muddin ikweshan ɗin ba ta da tsinkewa, Picard da Lindelöf kuma suka fayyace yaushe take zama guda tak. Sharaɗin iyaka bai da wannan sauƙin. A ɗauki y'' + y = 0, da y(0) = 0. Duk amsarta ninkin sin x ce. In aka ce y(π/2) = 1, amsa ɗaya ce. In aka ce y(π) = 0, amsoshi ba su ƙirguwa. In kuwa aka ce y(π) = 1, babu amsa ko kaɗan, domin sin π sifiri ne. Ikweshan ɗin ba ta canza ba, tsawon tazara da ƙimar da aka gindaya a ƙarshenta ne suka yanke hukunci.

Ba wasan alli ba ne wannan. Tun 1744 Euler ya nuna cewa ginshiƙi siriri yana tsaye kyam har nauyin da ke kansa ya kai wani mizani, sai amsa ta biyu ta bayyana, wato lanƙwashewa. Irin waɗannan mizanai ne Sturm da Liouville suka tsara ilminsu a Faransa a 1836 da 1837. A 1903 Fredholm ya kawo hukunci mai fuska biyu: ko dai a sami amsa guda a kowane hali, ko kuma sai an cika ƙarin sharaɗi kafin a samu.

Ikweshan da ba miƙaƙƙiya ba ta fi gardama. Nan akan yi amfani da dabarar Green a sake fasalin matsalar, sannan a kira ka'idar Schauder ta 1930, wadda ke tabbatar da akwai amsa ba tare da ta nuna inda take ba. Injiniya kan ga wannan bai ƙosar ba, amma tabbacin na da amfani, domin kwamfuta na iya fitar da lambobi ga matsalar da ba ta da amsa. A 1937 Nagumo na Japan ya nuna cewa in an sami shinge biyu, na ƙasa da na sama, aka kuma taƙaita yadda ikweshan ɗin ke girma da y', to lallai akwai amsa a tsakaninsu.