Jawabi Ga Taron Matasa: 'Yan Ƙwallo Da Haƙƙin Mata



An nemi mu ce wani abu game da ƙwallon ƙafa. To, mu 'yan kasuwa ne, ba mu taɓa buga ta ba, amma mu ke sayar wa 'ya'yanku rigunan da aka rubuta sunayen 'yan wasa a bayansu. Saboda haka ya kamata mu san sunan wa yaro yake yawo da shi.

Ku ɗauki Robinho, mutumin Brazil, wanda ya buga wa Real Madrid da Manchester City da AC Milan. A shekarar 2013 shi da abokansa suka yi wa wata yarinya 'yar Albaniya fyaɗe a wani gidan rawa a birnin Milan. Kotun Italiya ta yanke masa ɗaurin shekara 9 a 2017. Ya koma gida abinsa, don Brazil ba ta miƙa ɗan ƙasarta ga wata ƙasa. Kun san me ya biyo baya? A 2020, da hukunci a kansa, kulob ɗin Santos ya sake ɗaukarsa. Sai da kamfanonin da ke zuba wa kulob ɗin kuɗi suka fara janye jiki, sannan aka dakatar da kwangilar cikin 'yan kwanaki. Bai shiga kurkuku ba sai watan Maris na 2024. Shekara 11 ke nan yarinyar nan tana jira.

Na biyun ya fi muni, Allah Ya tsare. Bruno, mai tsaron gida kuma kyaftin ɗin Flamengo, ya haifi ɗa da wata mai suna Eliza Samudio. Ta nemi kuɗin ciyar da yaron. A 2010 aka kashe ta, ba a ma ga gawarta ba. A 2013 kotu ta same shi da hannu, ta ɗaure shi shekara 22. Da aka sake shi na ɗan lokaci a 2017 yana ɗaukaka ƙara, nan take wani kulob, Boa Esporte, ya ba shi aiki. A can ma kamfanoni suka gudu, kotu kuma ta mai da shi gidan yari.

Jama'a, mu mun san lissafi. Kulob yana kallon ɗan wasa kamar yadda muke kallon haja a rumfa: in za ta kawo riba, sai a rufe ido a kan aibinta. Duka sau biyun nan kuɗi ne suka yi magana kafin kunya ta yi. Kuɗin kuwa daga ina suke fitowa? Daga aljihun mai kallo da mai sayen riga, har da namu.

Abin da ya fi damun mu shi ne hirar gidajen kallon ƙwallo na unguwa. Da an ambaci irin wannan labari, sai ka ji yaro yana cewa ai kuɗinsa take so. Ba mu ce duk wanda aka zarga mai laifi ne ba. Addininmu ma ya hana ƙazafi. Amma waɗannan biyun alƙalai sun zauna, sun ji shaida, sun yanke. Yaron da ya koyi kare mai irin wannan aiki don ya iya yanka, gobe shi ne zai zo neman auren 'yar ɗayanmu.

Muna roƙon kwamitin matasa ya zauna da masu gidajen kallo kafin taron wata mai zuwa, malaman Islamiyya kuma su sa wannan batu cikin karatun manyan ɗalibai. Mu masu rumfar riguna za mu tattauna a tsakaninmu ranar Juma'a bayan sallar La'asar.