Mun ɗauka daji ba shi da mai shi: tafiyarmu ta farko zuwa Agiye

An ce in yi magana kan tafiyar da muka yi ƙasar Agiye bayan kaka. To zan faɗe ta yadda ta faru, har da wurin da muka ji kunya, don ai a nan maganar take.

Mu huɗu ne, duk ƴan fada guda a nan Maradi. Shawarar daga waya ta fito. Kun san bidiyon nan na Turawa masu mayar da mota ɗaki, su yi ta yawo, su kwana inda dare ya yi musu ba su nemi kowa ba. Abokinmu makanike yana da tsohuwar Hiace. Muka cire kujerun baya, muka shimfiɗa katifa biyu, muka ɗaura gidan sauro, muka loda tukunyar gas da bido uku na ruwa da kayan shayi. Na biyar ɗinmu kare ne. Mai shi ya rantse ba ya barin shi, mu kuwa muka ce sai dai ya zauna can baya, nesa da tabarmar salla. Kafin mu kai Cadawa ya yi amai sau biyu.

Daga Maradi zuwa Agiye kamar kilomita 80 ne bisa babbar hanyar da ke zuwa Tasawa da Damagaram. Ni da aka haifa a Maradi, wallahi ban taɓa sauka a Agiye ba sai ranar. Ta tagar mota kawai na san ta. Amma ku duba shafina, rubutu nawa na yi a kan "talakan karkara".

Da la'asar muka bar kwalta muka yi arewa, wai muna neman wurin da babu kowa mu kwana. Ba mu yi nisa ba rairayi ya riƙe mu. Direbanmu ya ƙara wuta, ƙafafun baya suka ƙara nutsewa. Sai ni, mai ilimin cikinmu, na ce a saro rassa a sa ƙarƙashin taya. Ga ƙananan itatuwa ko'ina cikin gonar da aka girbe. Na ɗauki adda na sare kalgo biyu da wani ɗan gawo da bai wuce tsayina ba. A lokacin kuma karen ya sulale ya bi zabin mutane.

Kukan zabin ne ya kawo mai gonar, dattijo, da ɗansa a bayansa. Bai dubi motar ba, bai dubi karen ba. Ya tsuguna wurin kututturen gawon ya daɗe. Sannan ya ce, "Samari, wa ya sare wannan?" Na ce, "Ni ne Baba, mun ɗauka daji ne." Ya ce, "Daji? Shekara huɗu ina gyaran shi."

A nan ne zan ɗan tsaya, don yawancinmu ba mu san abin da muke gani ba in mun ratsa ƙasar nan. Itatuwan da ke cikin gonakin Agiye da Gazawa ba dasa su aka yi ba, ba kuma haka nan suka fito ba. Sassaben zamani ake ce wa aikin. Da, manomi yakan share duk tohon da ya fito daga tsohon kututture kafin shuka. Yanzu sai ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya datse sauran, ya yi ta kiwon su shekara da shekaru. Saiwar tana nan da rai a ƙasa, shi ya sa suke girma da sauri fiye da dashe. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a jihar Maradi a 1983, yunwar 1984 ta sa mutane suka saurara, amma manoma ne suka ɗauke ta gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Ɗan Saga, a cikin ƙasar Agiyen nan, har daga ƙasashen waje ake zuwa ganin nasu, kuma suna da kwamitin da ke tsaron itatuwa. A 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan wannan aiki, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina.

Shi gawo kuma dabam ne. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki. Da rani, lokacin da babu ciyawa, shi ke da ganye da ƴaƴan da awaki ke ci. Abin da na sare cikin minti guda ke nan don in fid da taya.

Na zaro jikka biyar na miƙa. Kuskure na biyu. Ya ce, "Mai da kuɗinka ɗana, ba ni kaɗai ke da magana ba, sai mun je gun mai gari." Ɗansa ya dubi tayoyinmu ya yi dariya, ya ce mu rage musu iska. Muka rage, ya kawo shanun amalankensa, kafin magariba motar ta fita. Rassan da na sara ko amfani ba su yi ba.

A ƙofar mai gari aka zauna. Ba wanda ya zage mu, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Aka yanka mana tara, muka biya a gaban mutane. Wani tsoho ya tambaye mu, "To ku da kuka zo, me ya hana ku yi sallama a ba ku masauki?" Muka ce muna da wurin kwana a mota. Ya ce, "Mota ce za ta faɗa muku gonar wa kuka shiga?"

Daren nan a ƙofar gidan mai gari muka ajiye motar. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka daga gidan mutumin da na yi wa ɓarna. Taliyar da muka sayo a Maradi ba mu ko buɗe ta ba. Karen aka ɗaure shi a gindin bedi, yara suka kewaye shi suna mamakin karen da ake ɗauka a mota, nasu kuwa na farauta ne da gadi.

Washegari muka wuce Gazawa, muka gangara Gulbin Kaba muka ga goriba, muka sayi aya. A ko'ina sai mu fara tambayar gidan mai gari.

Mun so mu rufe tafiyar da Gidan Rumji, yamma da Maradi, ta Tibiri. Mun je, amma da rana, kuma ba mu bar kwalta ba. Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako yankin suna gudun ƴan bindiga, ƙauyuka suka karɓe su. Mota baƙuwa da samari huɗu a bakin daji da dare, ku da kanku kun san abin da mutanen wurin za su zata. Masu niyyar irin wannan tafiya, ku tambayi mutanen gari kafin ku yanke inda za ku kwana, ku riƙe takardunku da na mota, kuma kada ku yi tafiyar dare.

Kafin mu bar ƙauyen farko dattijon ya kai ni gun kututturen. Ya ce zai sake toho, kuma in na cika ɗa, in dawo kafin shuka ya nuna mini reshen da ake bari. Na karɓi lambar ɗansa. Akwai wuri biyu a motar, mai so ya same ni bayan an tashi.