Batir Ne Ya Mutu, Ko Fanel Ne Ba Ya Cika Shi?

Mun gode wa dattawan ikilisiya da suka ba mu wannan ɗan lokaci bayan sujada.

A zagayen da muke yi ƙauyuka, kuka ɗaya muke ta ji. Wutar sola da takan kai ƙarfe goma na dare, yanzu kafin a gama cin tuwo ta ɗauke. Sai maigida ya ce batir ya mutu, ya sayar da akuya ko buhun masara ya sayo sabo. Bayan 'yan watanni sabon ma ya koma kamar tsohon. Wannan hasara ce ta sa muka kawo maganar yau.

Ku ɗauki batir kamar randa, fanel kuma kamar yaron da ke ɗebo mata ruwa. In an tarar randa ba ruwa da yamma, ko dai ta tsage, ko yaron bai kawo isasshe ba. Sai an duba kafin a san wanne ne.

Ku fara da fanel, domin duba shi ba ya cin ko kobo. A lokacin hunturu ƙura takan rufe gilashinsa. A wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin ya yi zafi. A duba inuwa kuma. Reshen dalbejiya ko kashin tsuntsu da ya rufe ɗan gefe kaɗai yana iya rage wutar sosai, domin ƙananan gidajen da ke jikin fanel a jere suke haɗe, in ɗaya ya toshe sai ya riƙe sauran. A ƙasarmu fanel ya fuskanci kudu, a ɗan karkace domin ruwan sama ya gangare. A bi waya har zuwa kan batir, ko ta kwance, ko farin gari ya taru a wurin.

Daga nan sai awo. Kwantirola, wato ƙaramin akwatin da ke tsakanin fanel da batir, yawancinsu suna nuna lamba. In naku ba ya nunawa, ku ari mita wurin mai gyaran rediyo. Fanel na bolt 12 da aka cire daga kwantirola, da tsakar rana ya kamata ya nuna wajen 20 zuwa 22. Amma lambar batir a cikin yini ita ce ta fi faɗin gaskiya. In rana ta fito sarai, an kashe komai, batir kuma ya wuni bai kai bolt 14 ba, to ruwa bai isa randa ba. Ku nemi matsalar wajen fanel ko waya. In kuwa tun da hantsi ya yi tsalle ya kai 14, da dare an kunna ƙwai biyu ya faɗo ƙasa da 12 nan da nan, randar ce ta tsage.

Mai shakka ya kai batir wurin mai caji a cika shi. A bar shi ya kwana ba a haɗa masa komai ba. Mai lafiya zai nuna kusan 12.7 da safe. 12.2 rabi ke nan. Waɗannan lambobi na batirin ruwa ne da na gel. Na lithium daban ne.

Akwai abu na uku da ba mu so mu ji, wato kayan da muka ƙara. Fanel mai wat 100, a rana mai kyau, yana ba da wajen 350 a ma'aunin wat-awa bayan an cire abin da ke salwanta. Ƙwai 4 masu wat 5 na awa 5 sun ci 100. Talabijin mai wat 40 na awa 4 ya ci 160. A ƙara fanka mai wat 30 ta kwana tana juyawa awa 8, 240 ke nan. Jimla 500. Kullum ana cin bashin 150, ba a ma lissafa cajin wayoyin maƙwabta ba. A watan Agusta da hadari ke rufe rana, bashin sai ya ƙaru. Batirin da ke kwana kullum bai cika ba, wani gishiri yakan daskare a farantansa na ciki, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Abin da ke kashe sabon batirin da aka sayar da akuya dominsa ke nan. A irin wannan gida, a ƙara fanel ko a rage kaya.

Masu batirin ruwa, ku buɗe ku duba sau ɗaya a wata. In ya yi ƙasa, a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa domin batir, ban da ruwan rijiya, ban da asid. Kada a kusanto shi da ashana ko fitilar kananzir, iskar da yake fitarwa tana kama wuta. Batirin mota kuma ba a yi shi domin wannan aiki ba, ba ya daɗewa.

Mun zo da mita. Wanda gidansa ke kusa ya tsaya bayan taro, mu je mu auna tare.